Ɗan Takarar Sauyi da Kujerar Majalisar Jiha: Me Ya Kamata a Sa Gaba a Shika, Samaru da Sabon Gari?

Gabatarwa

Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato a ƙasar Zazzau, hankalin jama'a yakan karkata ga kujerar shugaban ƙasa da ta gwamna, sai kuma ta sanata idan hamayya ta yi zafi. Kujerar ɗan majalisar dokokin jiha kuwa a gurguje ake dangwala mata, sau da yawa bisa alamar jam'iyyar da aka riga aka zaɓa a takardar gwamna, wato abin da aka saba kira zaɓen sak. Alhali kuwa mutane 34 da ke zama a Majalisar Dokokin Jihar Kaduna su ne ke amincewa da kasafin kuɗin da za a kashe wa makarantar firamare ta Bomo, su ne ke yin dokar harajin da za a karɓa a hannun mai tireda a Sabon Gari, kuma su ne ke ba gwamna izinin cin bashin da jikokinmu za su biya.

Yankin da wannan muƙala ta duba yana ƙarƙashin ƙananan hukumomi biyu. Sabon Gari tana da kujeru biyu a majalisar, wato ta Sabon Gari da ta Basawa, Shika kuwa tana cikin ƙaramar hukumar Giwa, wadda ita ma aka raba ta gida biyu, Giwa ta Gabas da Giwa ta Yamma. Kafin zaɓen 2027 za mu ga 'yan takara da yawa, musamman matasa, waɗanda za su kira kansu 'yan sauyi, magadan Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba. Tun da gyaran tsarin mulki na 2018 ya rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25, ƙofar ta ƙara buɗewa gare su.

Ra'ayin da nake son karewa shi ne: ɗan takarar sauyi na haƙiƙa ana gane shi ne ta jerin abubuwan da ya sa gaba, kuma dole jerin nan ya dace da ikon da kujerar take da shi. Wanda ya cika takardar manufofinsa da alƙawarin rijiyar burtsatse da kekunan ɗinki ya nemi aikin kansila ko na attajiri mai kyauta. Aikin ɗan majalisa uku ne: doka, kasafi da bincike. A kan waɗannan ya kamata a auna shi.

Darasin 1981

Babu jihar da ta fi Kaduna cancantar sanin darajar majalisar jiha, domin a nan aka fara koyar da darasin. A ranar 1 ga Oktoba 1979 aka rantsar da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP a matsayin gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina. Talakawa sun ba shi kujerar gwamna, amma jam'iyyar NPN ce ta kwashe rinjaye mai yawa a majalisa. Sakamakon haka majalisar ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinonin da ya aika mata, ya yi mulkinsa babu majalisar zartarwa, har zuwa 23 ga Yuni 1981 da aka tsige shi. Shi ne gwamnan farar hula na farko da aka tsige a tarihin Nijeriya.

Abin lura shi ne kwatancin da ke tsakaninsa da takwaransa na Kano. Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ɗan jam'iyya ɗaya ne da shi, aƙidarsu ɗaya, dukkansu sun soke haraji da jangali, kuma dukkansu suna ɓangaren santsi lokacin da PRP ta rabu zuwa santsi da taɓo. Amma a Kano PRP ce ke da rinjaye a majalisa, saboda haka Rimi ya naɗa kwamishinoninsa, ya kafa hukumar yaƙi da jahilci, ya gudanar da shirye-shiryensa duk da rigingimun da ya sha. Ba ilimi Balarabe ya rasa ba, domin malaman Samaru irin su marigayi Dokta Yusufu Bala Usman suna tare da shi, har Bala Usman ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin jiha. Ba kuma farin jini ya rasa ba. Ƙuri'un zauren majalisa ya rasa.

A ganina, 'yan sauyi na wannan jiha ba su gama karanta wannan darasi ba. Shekaru fiye da arba'in ke nan ana neman gwarzo guda da zai hau kujerar gwamna ya gyara komai, ana barin majalisa ga duk wanda uban gida ya nuna. A 1981 matsalar ita ce majalisa mai adawar da ta wuce iyaka. A zamaninmu matsalar ta juye, ta zama majalisar da ba ta iya cewa a'a. Duka biyun asara ce ga talaka, kuma maganinsu ɗaya: a san wanda ake turawa, a kuma san abin da aka tura shi ya yi.

Iyakar ikon kujerar

Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai bar wannan a duhu ba. Sashe na 120 da na 121 sun hana a fitar da ko kwabo daga asusun jiha sai da dokar kasafi da majalisa ta amince da ita. Sashe na 125 ya wajabta wa babban mai binciken kuɗi na jiha ya miƙa rahotonsa ga majalisa. Sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincikar kowace ma'aikata, ta kira kowane jami'i ya zo ya yi bayani, ta nemi kowace takarda. Sashe na 192 ya sa naɗin kwamishina ba ya tabbata sai da amincewarta. Sashe na 100 ya ba ta damar mayar da ƙudiri doka da rinjayen kashi biyu cikin uku, ko da gwamna ya ƙi sa hannu. Sashe na 7 kuma ya ɗora mata yin dokar da ke tsara ƙananan hukumomi.

Babu inda kundin ya ce ɗan majalisa ya bayar da kwangila ko ya raba babura. Abin da ake kira ayyukan mazaɓa al'ada ce da aka ƙirƙira, kuma illarta a bayyane take: ɗan majalisar da ke jiran gwamna ya sakar masa kuɗin kwalbati ba zai iya tsare kwamishinan kuɗi da tambaya ba. Hausawa sun ce baki idan ya ci, ido sai ya ji kunya. Saboda haka abubuwa uku da zan jero a ƙasa duk suna cikin abin da kujerar za ta iya, kuma na jera su bisa fifiko.

Na farko: idon jama'a a kan kuɗin jama'a

A watan Maris 2018 Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da bashin dala miliyan 350 da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta nema daga Bankin Duniya, bayan sanatocin jihar uku sun ƙi goyon baya. Daga baya, da aka sake zaɓe, an amince da shi. Mutum zai iya goyon bayan bashin ko ya soke shi, domin an yi tituna da gadoji a birnin Kaduna da Zariya da Kafanchan, kuma masu kare gwamnatin suna da hujjojinsu. Amma bashin dala yana da wata ɗabi'a da kowane ɗan majalisa ya kamata ya sani: ana cin sa da farashin canji na yau, ana biyan sa da farashin gobe. Lokacin da ake wannan muhawara dala ba ta kai naira 400 ba. A 2024 ta haura naira 1,400.

A ƙarshen Maris 2024 Gwamna Uba Sani ya shaida wa jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85 da kwangiloli 115 da ba a kammala biya ba, kuma daga cikin naira biliyan 10 da jihar ta samu daga asusun tarayya a watan, an cire biliyan 7 domin biyan bashi. Majalisar jiha ta kafa kwamiti, wanda a watan Yuni na shekarar ya fitar da rahoto yana zargin an karkatar da naira biliyan 423 a zamanin gwamnatin da ta gabata. Tsohon gwamnan ya musanta zargin, ya kuma garzaya kotu. Ba aikin wannan muƙala ba ne ta yanke hukunci a tsakaninsu. Tambayar da ta dame ni ita ce: ina majalisar take a tsawon shekaru takwas ɗin? Kowane kasafi ta gabanta ya bi, kowane rahoton mai binciken kuɗi gare ta aka kai. Binciken da ake yi wa gwamna bayan ya sauka ihu ne bayan hari. Wanda ke da amfani shi ne wanda ake yi wa gwamnan da ke kan kujera, ko da ɗan jam'iyyarka ne.

Don haka abin da ɗan takarar sauyi zai fara alƙawartawa shi ne ƙudirin da zai hana a amince da kowane bashi sai an buga sharuɗɗansa, an yi zaman jin ra'ayin jama'a, an kuma bayyana yadda biyansa zai kasance idan naira ta faɗi. Na biyu, ya nemi a riƙa ƙirga ƙuri'a da suna a kan bashi da kasafi da haraji, maimakon amsa baki ɗaya da ba ta barin shaida, domin mutanen Hanwa da Muciya su san abin da wakilinsu ya zaɓa. Na uku, ya nemi shiga kwamitin bin diddigin kuɗin gwamnati, ya riƙa fassara taƙaitaccen rahoton mai binciken kuɗi zuwa Hausa yana karanta wa mazaɓarsa.

Kuɗin ƙananan hukumomi ma yana nan. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Amma hukuncin kotu ba ya zartar da kansa. Dokar da ke tsara yadda ƙaramar hukumar Giwa ko ta Sabon Gari za ta kashe kuɗinta, da irin abin da jiha za ta iya cirewa da sunan aikin haɗin gwiwa, majalisar jiha ce ke yin ta. Haka nan dokar hukumar zaɓen jiha. A 2018 da 2021 an yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura, kuma 'yan adawa sun ci wasu kujeru. A Oktoba 2024 aka koma ga takarda, jam'iyya mai mulki ta lashe shugabanni 23 da kansiloli 255 baki ɗaya. Ɗan takarar da ba shi da abin cewa a kan wannan bai fara maganar sauyi ba.

Na biyu: fili, rumfa da haraji

Gwagwarmayar NEPU tun daga kafuwarta a Kano a watan Agusta 1950 ta ginu ne a kan abubuwan da suka taɓa jikin talaka kai tsaye: haraji, aikin tilas, ƙwace gona da zaluncin kotu. Gambo Sawaba, wadda ta yi rayuwarta a Sabon Garin Zariya kuma aka ɗaure ta sau da dama, a kan irin waɗannan ta sha wuya, da kuma 'yancin mata na jefa ƙuri'a. Siffar matsalolin ta canza, amma tushensu yana nan.

Ɗauki batun fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma idan aka karɓi fili domin amfanin jama'a, diyyar da take tanada ta amfanin gona ce da gine-gine, ban da darajar ƙasar kanta. Wannan yanki ya fi kowane jin nauyin dokar, domin manyan cibiyoyin tarayya sun kewaye shi: jami'a a Samaru, asibitin koyarwa da cibiyar kiwon dabbobi a Shika, kwalejin tuƙin jiragen sama a Palladan, barikin soja a Basawa. Yawan jama'a yana ƙaruwa, gonakin kaka da kakanni suna komawa fulotai, kuma mafi yawan masu gida ba su da takardar da ta wuce ta mai unguwa. A Oktoba 2021 hukumar KASUPDA ta rushe gidaje masu yawa a unguwar Graceland bisa iƙirarin cewa filin na kwalejin jiragen sama ne, masu gidajen kuma suna cewa da takardunsu. Ko wane ne ke da gaskiya, iyalai sun kwana a waje.

Majalisar jiha ba za ta iya soke dokar 1978 ita kaɗai ba, domin an cusa ta cikin tsarin mulki. Amma hukumomin KASUPDA da KADGIS da dokar jiha aka kafa su, kuma dokar jiha za ta iya ɗaure su. Za a iya rubuta cewa ba a rushe gidan da mutane ke ciki sai da sanarwa a rubuce da wa'adi bayyananne, ba a rushe shi muddin shari'a tana gaban kotu, kuma a biya diyya kafin katafila ta iso. Za a iya sauƙaƙa kuɗin rajistar gidan gado da gonar gado, a karɓi shaidar dagaci da maƙwabta a matsayin matakin farko. Haka nan kasuwanni: idan gwamnati za ta sake gina kasuwa, doka ta tabbatar wa mai rumfa na asali haƙƙin komawa da farashin da zai iya biya a hankali, don kada zamanantarwa ta zama hanyar fitar da mai ƙaramin jari.

Sai haraji. Dokar tattara haraji ta jiha ta 2016, wadda aka sabunta a 2020, ta yi abin yabo na haɗa karɓar kuɗi a hannun hukuma ɗaya da hana karɓar tsaba a hannu. Amma a ƙarƙashinta ne kuma aka sanar da kuɗin raya ƙasa na naira 1,000 a shekara a kan kowane baligi. Kuɗin ba shi da yawa, sai dai tsarinsa shi ne na harajin kai da Balarabe Musa ya soke: farfesa da ɗan dako su biya daidai wa daida. Ba na cikin masu cewa a daina karɓar haraji, domin jihar da ba ta tara kuɗin shiga bashi za ta ci. Matsayin ɗan sauyi shi ne nauyi ya bi ƙarfi. Mai manyan gidajen haya na ɗalibai a Samaru da mai fulotai goma da ya killace yana jiran su yi tsada su ne ya kamata su fi ɗauka, a sauke wa mai tallan kayan miya da ɗan acaɓa tikitin da ake yanka musu kullum.

Na uku: tazarar da ke tsakanin cibiya da ƙauye

Da wuya a sami wani yanki a Afirka ta Yamma da ya tara ilimin noma da kiwo da lafiya kamar 'yan kilomitocin da ke tsakanin Samaru da Shika. Tashar binciken noma ta Samaru ta faro tun 1922, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga nan ake fitar da irin masara da dawa da gyaɗa da auduga da wake da ake shukawa a faɗin Arewa, har da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, wanda aka amince da shi a Disamba 2019. Gonar dabbobi ta Shika, wadda aka kafa a 1928, ita ce ta zama cibiyar NAPRI, inda aka samar da kazar Shika Brown mai yawan ƙwai da jure yanayinmu. Cibiyar NAERLS, mai kula da yaɗa dabarun noma a ƙasa baki ɗaya, tana Samaru. Asibitin koyarwa kuma ya tare a mazauninsa na Shika tun 2005.

Duk waɗannan na gwamnatin tarayya ne, kuma ɗan majalisar jiha ba shi da iko a kansu. Amma gadar da ke haɗa su da talaka ta jiha ce da ƙaramar hukuma. Mai bincike yana fitar da iri, malamin gona ne ke kai shi ƙauye ya nuna tazarar shuka da lokacin zuba taki, kuma malamin gona ma'aikacin jiha ne. Tun da tallafin Bankin Duniya ga shirye-shiryen bunƙasa noma na jihohi ya ƙare, wannan aiki ya yi rauni a ko'ina cikin Arewa: tsofaffi suna ritaya, ba a cike gurbinsu yadda ya kamata, waɗanda suka rage ba su da abin hawa. Shi ya sa manomin da gonarsa ke jingine da shingen cibiya zai iya sayen gurɓataccen iri da jabun maganin feshi a kasuwa. An ce na kusa da wuta shi ya fi jin ɗumi, amma a nan karin maganar bai tabbata ba.

Abin da ɗan takara zai sa gaba a nan a fili yake: layi na musamman a kasafi domin ɗaukar malaman gona, maza da mata, daga cikin ɗimbin waɗanda suka kammala karatun noma a Samaru suke zaune, yarjejeniya tsakanin jiha da cibiyoyin domin gonakin gwaji a kowace gunduma, da dokar hukunta masu sayar da jabun iri da taki. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Maputo a 2003 cewa za su ware wa noma kashi 10 cikin ɗari na kasafi, kamar yadda suka yi wa lafiya alƙawarin kashi 15 a Abuja a 2001. Rubuta kason a takarda abu ne mai sauƙi. Aikin ɗan majalisa shi ne ya tambaya, duk wata uku, nawa aka saki.

Haka lamarin yake a lafiya. Asibitin koyarwa an gina shi ne domin manyan cututtuka, amma idan asibitin gunduma ba shi da ungozoma da dare, mai naƙuda da mai zazzaɓin cizon sauro duk Shika za su nufa, layi ya yi tsawo, mai ciwon daji ya jira. Jihar ta ɗauki manufar asibiti guda mai inganci a kowace gunduma 255, ta kafa hukumar inshorar lafiya, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko. Abin da ya rage shi ne ma'aikata da magani da wuta, kuma waɗannan ba sa fitowa a hoton buɗe gini. A ilimi ma haka: a 2017 an sallami malaman firamare 21,780 da suka faɗi jarrabawar gwaji, aka ɗauki wasu. Tambayar da ta dace a yau ita ce yara nawa ke gaban malami guda a Jama'a da Dogarawa, kuma ɗan aji huɗu yana iya karanta shafi guda na Hausa?

Abin da masu suka za su ce

Za a ce wannan duk maganar 'yan boko ce, mai jin yunwa taliya yake so. Akwai gaskiya a ciki, kuma ban ga laifin matar da ta karɓi atamfa da sabulu ba, domin sau da yawa shi ne kaɗai abin da za ta gani daga siyasa a shekara huɗu. Ɗan majalisa ba zai daina zuwa jana'iza da biyan kuɗin magani ba, al'adarmu ce. Amma a yi lissafi. A Agusta 2023 gwamnatin jiha ta rage kuɗin karatu a Jami'ar Jihar Kaduna daga naira 150,000 zuwa 105,000, a Kwalejin Nuhu Bamalli kuma daga 100,000 zuwa 50,000. Shawara guda ta bar wa dubban iyaye kuɗin da babu ɗan majalisar da zai iya raba musu daga aljihunsa. Majalisa tana nan aka yi ƙarin a 2021, da ta tsaya a lokacin da ba a kai ga haka ba.

Za a kuma ce mutum ɗaya cikin 34 ba zai iya komai ba. Ba zai iya zartar da doka shi kaɗai ba, haka ne. Amma zai iya gabatar da ƙudiri, ya tilasta a yi muhawara, ya rubuta rahoton marasa rinjaye, ya fito da takardar da aka so a ɓoye. Kuma kujerun wannan yanki huɗu ne, ga na Zariya biyu a maƙwabtaka. Idan masu zaɓe suka ɗora wa dukkansu buƙata iri ɗaya, ba tare da duba jam'iyya ba, an sami ƙungiyar da shugaban majalisa ba zai raina ba. Mazaɓar Sabon Gari ta riƙe kujerar shugaban majalisa daga 2015 zuwa 2020 ta hannun Aminu Abdullahi Shagali, sannan a zaɓen cike gurbi na Yuni 2021 ta juya ta zaɓi ɗan adawa. Wannan shaida ce cewa mutanen nan suna iya sauya ra'ayi idan sun ga dalili.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi: tsadar takara. Kuɗin fom da na wakilan zaɓen fid da gwani sukan sa matashi ya nemi uban gida, wanda ya biya kuɗin kiɗa kuwa shi ke zaɓar waƙa. Ba ni da maganin da zai kawar da wannan dare ɗaya. Amma NEPU ba da kuɗin attajirai ta rayu ba, da karo-karon teloli da mahauta da 'yan koli ta rayu. Ɗan takarar da ya bayyana wa jama'a inda kuɗin yaƙin neman zaɓensa ya fito ya riga ya ba da hujjar farko cewa zai iya tambayar wasu inda nasu ya tafi.

Kammalawa

Kalmar sauyi ta yi arha a siyasarmu, har jam'iyyun da ba su yarda da juna a komai ba duk suna iƙirarinta. Hanyar tantancewa ita ce tambaya. Idan ɗan takara ya zo Shika ko Samaru ko Sabon Gari neman ƙuri'a, a tambaye shi ƙudiri uku da zai gabatar a shekararsa ta farko, da kwamitin da yake son shiga da dalilinsa. A tambaye shi nawa aka ware wa asibitin gundumarsa a kasafin bana, nawa aka saki. A tambaye shi abin da zai yi ranar da gwamnan jam'iyyarsa ya aiko da takardar neman bashi da safe yana son amincewa kafin azahar.

Nauyi na musamman yana kan mu da ke cikin jami'a. Ƙungiyoyin ɗalibai da na malamai, da sassan nazarin Hausa da kimiyyar siyasa da aikin jarida, za su iya shirya muhawarar 'yan takarar majalisar jiha da harshen Hausa, a watsa ta a rediyo, a rubuta alƙawuran a ajiye, a fito da su bayan shekara biyu. Sashe na 110 na tsarin mulki ya ba masu zaɓe damar yi wa wakilinsu kiranye, amma tun kafin a kai can, rubutaccen alƙawari da ake karanta wa mai shi a bainar jama'a yana da nasa tasiri. Wannan aiki ba ya buƙatar izinin kowa, kuma lokacin fara shi shi ne yanzu, kafin jam'iyyu su tsayar da 'yan takara.